Liƙe-liƙen takarda a ajin zane: tambayoyin da iyaye da malamai suka fi yi mini

Ina koyar da zane a Jos. Ranakun aiki ina wata makarantar sakandare, ranar Asabar kuma yaran unguwa suna taruwa a zauren gidanmu mu yi ta yayyaga takarda muna liƙawa, wato abin da ake kira kolaj. Ni nakan sa a yi shi ba tare da an tsara ba, kuma nakan danganta hakan da wani fannin falsafa mai suna finominoloji. Tun da na fara wannan aiki tambayoyi kusan iri ɗaya suke dawowa, daga iyaye, daga 'yan'uwana malamai, har da ɗaliban jami'a masu rubuta kundin kammala karatu. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai an yi haƙuri da ni.

Wai mene ne kolaj ɗin nan?

Kalmar daga Faransanci take, daga aikatau mai nufin mannawa da gam. A aji ni liƙe-liƙe nake ce masa. A tara gutsattsarin takarda, ƙyalle, kwali, busasshen ganye, a jera su a kan shafi ɗaya a manne, su zama hoto guda.

Masu tarihin zane na Turai suna kai farkonsa shekarar 1912. A shekarar ne Pablo Picasso ya manna wani yankin leda mai zanen saƙar kujera a cikin hotonsa, ya zagaye shi da igiya. A watan Satumbar shekarar kuma abokinsa Georges Braque ya sayi takardar bango mai kamar jikin katako a wani kanti a garin Avignon, ya yanka ya liƙa a zanensa na gawayi. Bayan yaƙin duniya na farko wani Bajamushe, Kurt Schwitters na garin Hanover, ya riƙa tsintar tikitin mota da tarkacen titi yana haɗa hotuna da su.

Wannan tarihin gaskiya ne, amma na Turai ne. Duk wanda ya taɓa zama kusa da baduku ya ga yadda yake yanka jar fata da koriya yana ɗora su kan wata ya ɗinke, ya san ba a Faris aka fara ɗora wani abu kan wani don ado ba. Haka magina da suke kafa tasa a tsakiyar rufin soro, haka jeren kwanuka a ɗakin amarya, haka ɗan Keke Napep da ya cika gilashinsa da sitika.

Me ake nufi da a yi shi ba tare da an tsara ba?

Yadda aka saba, malami ya ce a yi hoton kasuwa, yaro ya zana da fensir, sannan ya nemi takardun da zai cike zanen da su. Tunani ya gama aikinsa kafin hannu ya fara. Wanda nake magana a kai akasin haka ne. Ba jigo, ba fensir. Ina zube tarkacen a tsakiyar tabarma, na ce kowa ya ɗauki guda bakwai ko takwas da suka ja idonsa, kada ya tsaya tambayar kansa dalili. Sai ya baza su a kan kwalinsa ya yi ta matsar da su, ya juya wannan, ya yage wancan, ya rufe rabin wani da wani. Minti goma sha biyar na farko ba na fito da gam ko kaɗan. Sai yaro ya ji a jikinsa cewa abin ya zauna, sannan ya manna.

Ni bin hannu nake kiransa. Hannu ne a gaba, ido na biye, baki ya zo daga ƙarshe.

To ina ruwan wannan da finominoloji? Ita kuma mece ce?

Sunan ne mai nauyi, abin da take nema ba baƙo ba ne. Wani reshe ne na falsafa da Edmund Husserl ya kafa a farkon ƙarni na 20. An haife shi a 1859, ya fara da lissafi kafin ya koma falsafa, ya koyar a jami'o'in Jamus, ya rasu a 1938. Kiran da aka fi saninsa da shi shi ne a koma ga abubuwan su kansu. Abin da yake nufi, kafin ka yi bayanin abu, ka ce ga sunansa, ga dalilinsa, ga amfaninsa, tsaya tukuna ka faɗi yadda ya bayyana gare ka. Ya ba da shawarar mutum ya ajiye abin da ya riga ya sani a gefe na ɗan lokaci, kamar yadda mai lissafi yake sa wani ɓangare cikin baka. Ba ƙaryata shi za ka yi ba, jingine shi za ka yi.

Abin da wuya fiye da yadda ake zato. Miƙa wa yaro ɓallen takardar buhun siminti ka ce me ka gani, zai ce buhun siminti. Ya faɗi suna, ya rufe ƙofa. Bai ga cewa launinta kamar ƙasar da aka haƙo daga ramin kuza ba ne, bai ga falle-falle ne aka haɗa ba, bai ji kaushinta a yatsa ba, bai lura cewa in an yage ta bakin yana fitar da gashi-gashi ba. Suna yakan riga gani, kuma da ya riga shi, ganin ya tsaya. Liƙe-liƙe yana karya wannan saurin, don da zarar an yage takarda daga inda take, ta daina aikin da aka san ta da shi. Katin waya da aka kankare ya daina zama kati, ya zama ɗan murabba'i mai sheƙi da layin toka-toka.

Schwitters ma sunan da ya raɗa wa aikinsa gaba ɗaya, Merz, daga yagaggiyar takardar tallar wani banki ya samo shi. Haruffa huɗu ne suka rage daga wata doguwar kalma, ya gan su a matsayin siffa, ya riƙe.

Na ji ana ambaton Merleau-Ponty. Shi kuma me ya ƙara?

Shi ne ma ya fi shafar ajinmu. Maurice Merleau-Ponty Bafaranshe ne, ya fitar da babban littafinsa a kan yadda ɗan Adam ke tsinkayar duniya a 1945, ya rasu a 1961. Ya yi rubutu sosai a kan masu zane, musamman Paul Cézanne. Maganarsa ita ce ba ƙwaƙwalwa ce zaune cikin kai tana karɓar rahoto daga ido da hannu ba. Jiki ne gaba ɗayansa yake sanin duniya, kuma yakan san abu kafin a iya faɗarsa. Misalinsa da ya shahara na makaho ne da sandarsa: in ya saba da ita ba sandar yake ji a tafinsa ba, ƙasa yake ji a bakin sandar, ta zama kamar wani sashe na jikinsa.

Mu ba sai an kai mu Faransa ba. Mace mai tuƙa tuwo ta muciya take jin ya yi ko da saura. Ka tambaye ta awon garin da ta zuba, sai ta yi maka dariya. Mai shayi yana ɗaga kofi sama ya tsiyaya ba ya zubarwa, bai taɓa auna tazarar ba. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Wannan sani ne na gaske, sai dai makaranta ba ta cika ba shi daraja ba, don ba ya shiga takardar jarrabawa.

Wata Asabar da hunturu wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta ɗauki wani shuɗin ƙyalle, ragowar atamfa daga shagon tela, ta ɗora shi a saman kwalinta ta dama. Ta cire. Ta mai da shi ƙasa. Ta sake cirewa, ta riƙe shi a hannu ta fi minti biyu tana murzawa da babban yatsa. Can sai ta yage wata doguwar takardar buhun siminti, ta shimfiɗa ta a karkace, ta cusa ƙyallen a ƙarƙashinta har sai da ɗan bakinsa kawai ya leƙo. Ta ja numfashi ta ce, "Malam, a ba ni gam." Na ce me ya sa nan? Ta ce, "Can ya yi ƙara da yawa." Ƙyalle ba ya ƙara, amma duk wanda ya kalli kwalin ya gane abin da take nufi. Ta ji launi da kunne, kuma ta gyara shi da hannu kafin ta sami kalmar. Irin wannan cuɗanyar gani da ji da taɓawa Merleau-Ponty ya daɗe yana rubutu a kanta.

Gaskiya Malam, wannan ba wasa ba ne kawai?

Wani uba ya taɓa tare ni a ƙofar zaure, ɗansa na riƙe da kwalin da ya yi, ya ce, "Malam, na ɗauka zane za ka koya masa, sai na ga bola yake kwasowa." Na ce, "Alhaji, shigo ka zauna minti biyar." Na ba shi gutsattsari biyar na ce ya jera su yadda suka yi masa. Ya jera, ya kalla, ya ɗan matsar da ɗaya. Na ce me ya sa ka matsar? Ya ce bai zauna ba ne. Na ce to abin da nake koya wa ɗanka ke nan, ya san lokacin da abu bai zauna ba.

Wasa ne, ban musa ba. Amma a cikinsa yaro yana yanke hukunci sau talatin ko arba'in a zama ɗaya, kan nauyi da sauƙi, haske da duhu, cikowa da barin fili. Waɗannan su ne ginshiƙan tsara hoto da ke cikin manhajar darasin al'adu da fasaha, waɗanda muke rubutawa a allo yara su haddace ba su taɓa jin su a hannu ba. Kuma akwai yaran da tun aji uku na firamare suka yanke wa kansu hukunci cewa ba su iya zane ba, saboda doki ya fito musu kamar akuya an yi musu dariya. Irin waɗannan fensir tsoro yake ba su. Takarda kuwa kowa ya iya yagewa.

Ke nan duk abin da yaro ya manna ya yi?

A'a. Nan ne malamai da yawa suke zamewa. Bin hannu ba yin abu da ka ba ne. Akwai yaron da zai shafa gam ya watsa takardu cikin minti uku ya ce ya gama. Wannan bai bi hannu ba, gudun aiki ya yi. Alamar wanda yake yi da gaske ita ce jinkiri: ya ɗora, ya cire, ya ja baya ya kalla. Henri Matisse, wani mai zane Bafaranshe, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ta rage masa ƙarfin tsayuwa gaban allon zane, ya koma yanka takardu masu launi da almakashi. Mataimakansa suna kafa su a bango da allura, yana sa a matsar da su, a sake matsarwa, kafin a manne. Mutumin da ya shekara hamsin yana zane ke nan.

Bayan an gama mannawa, me ake yi?

Rabin darasin yana nan. Muna jingina ayyukan a bango mu zauna. Doka ɗaya ce: ba a tambayar "mene ne wannan?" kuma ba a cewa ya yi kyau ko bai yi ba, sai an gama faɗin abin da aka gani. Ina idonka ya fara sauka? Daga nan ina ya tafi? Wane yanki ne ya matso kusa, wanne ya ja baya? Mai aikin shi ne na ƙarshe da zai yi magana. Sau da yawa yakan ce bai san ya sa ja a kusurwoyi uku ba sai da aka faɗa masa.

Nakan gwada irin wannan a gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. In mun tsaya gaban kawunan yumɓu na Nok, aikin mutanen zamanin da, sai na sa yara su juya wa rubutun bayanin baya tukuna su faɗi abin da suke gani: ramukan ido, siffar fatar ido mai kusurwa, gyaran gashi. Bayan haka mu karanta. Wanda ya fara karantawa yakan gyaɗa kai ya wuce.

Wane kaya ake buƙata, kuma nawa zai ci?

Kusan ba ya cin komai. Kwali daga masu shago, ƙyallaye daga teloli, su ma neman mai kwashe musu suke yi. Tsofaffin kalanda, takardar tsire wadda mai bai ɓata ba, fastocin siyasa bayan zaɓe, bawon masara, ragowar zare. In kana son ƙyalle mai kauri irin na ulu, 'yan gwanjon kasuwar Katako suna da rigunan sanyin da suka yage ba mai saye. Gam kuwa, a dama sitacin rogo da ruwan zafi kamar za a yi koko, ya yi kauri ya huce. Ƙaro ma in an jiƙa shi ya kwana yana riƙe takarda mara nauyi. Gam ɗin kafinta fari sai in za a manna ƙyalle mai nauyi.

Almakashi ba na ba wa ƙanana a makonnin farko. Ba don tsoron yanka kawai ba. Yaga yana koya wa yatsa cewa takarda tana da hanya, ta wani gefen ta tafi santal, ta ɗayan ta karkace.

Yaya batun hoton abu mai rai, da takardu masu rubutun addini?

Maganar hoton mai rai malamai sun yi bayani a kanta kuma akwai saɓani, ni ba malamin fiƙihu ba ne. Abin da nake yi shi ne na tambayi iyaye tun farko. Wanda bai so ba, ɗansa ya yi aiki da launi da siffa da ƙyalle zalla, kuma bai rasa komai na darasin ba. Hasali ma fuskar mutum takan janye hankalin yaro daga sauran shafin.

Na biyun ya fi damuna. Jaridu da kalandu da yawa suna ɗauke da ayoyi ko sunan Allah, wani lokaci a ɗan lungun shafi. Kafin na zube tarkace a tabarma sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na ware. A ajin makaranta da yake akwai Musulmi da Kirista, haka nake ware duk takardar da ke da nassin kowane ɓangare. Wanda ya zauna a Jos ya san dalili.

Za a iya gane halin yaro ko damuwarsa daga abin da ya liƙa?

Ina roƙon malamai su bar wannan. Yaro ya cika shafi da baƙi, sai a ce yana cikin baƙin ciki, alhali wataƙila baƙar takarda ce ta rage a gabansa. Fassara irin wannan ita ce ainihin abin da Husserl ya ce a jingine, wato ka zo da ma'anarka a aljihu ka ɗora wa abu. Gaskiya ne wani lokaci abu yakan fito. Garin nan ya ga rikici a 2001 da 2008 da 2010, kuma yaran da ba a haifa ba a lokacin sun tashi suna jin labarin a gida. In yaro da bakinsa ya ce wannan gidan kakarmu ne da aka ƙona, ka saurare shi, kada ka yi masa kwalliyar magana, kada ka tono. In abin ya fi ƙarfinka ka sami iyayensa. Malamin zane ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne.

Ta yaya ake ba da maki?

Da ƙyar. Makaranta tana son lamba, dole na bayar. Nakan duba abu uku: ko yaron ya gwada jeri fiye da ɗaya kafin ya manna, ko ya iya faɗin abin da ya gani a aikin wani ba tare da yabo ko kushe ba, da kuma tsaftar mannawa. Kyan hoton ba na sa masa maki. Wani shugaban sashe ya taɓa dawo mini da takardar sakamako wai makin sun yi kusa da juna, na baza su. Ban baza ba, mun ɗan yi sa-in-sa, aka bar ni.

Ajina yara saba'in ne, darasin minti arba'in. Zai yiwu?

Zai yiwu in ka raba shi biyu. Mako na farko zaɓe da jerawa kawai, kowa ya zuba gutsattsarinsa a ambulan ɗin da ya naɗa da takarda ya rubuta suna. Mako na biyu a sake jerawa a manna. Za ka ga da yawa sun canza jerin, kuma wannan ma abin tattaunawa ne. Kwalin kada ya wuce tafin hannu biyu. Ka bar minti biyar na shara, in ba haka ba malamin da zai shigo bayanka ba zai ƙara gaishe ka ba.

Ba za a iya yi a waya ko kwamfuta ba?

Ana yi, kuma yana da amfaninsa ga mai son aikin tsara talla. Amma a gilashin waya buhun siminti da atamfa santsinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, kuma duk abin da ka yi kana iya janye shi. Yaron da ya san in ya yage ta yagu, daban yake kallon takarda.

Akwai waɗanda suka ci abinci da irin wannan aikin?

Akwai. Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Inugu a 1983, 'yar marigayiya Dora Akunyili, tana zaune a Amurka, tana ɗauko hotunan mujallun Nijeriya da na danginta tana shigar da su cikin zanenta, kuma ayyukanta suna manyan gidajen adana zane na duniya. El Anatsui ɗan Gana, wanda ya zo koyarwa jami'ar Nsukka a 1975, da murafen kwalba da wayar tagulla yake haɗa manyan ayyuka masu kamar zani. Amma ba na yi wa iyaye alkawarin ɗansu zai zama ɗayansu. Yawancin yarana teloli za su zama, ko masu gini, ko masu ɗinkin hula, ko abin da ba ya da alaƙa da zane sam.

Aikin ɗana ya kumbura ya lanƙwashe bayan kwana biyu. Me ya jawo?

Gam ya yi yawa ko ya yi ruwa. Takarda in ta sha ruwa tana buɗewa, in ta bushe ta tsuke ta ja kwalin. A shafa kaɗan da yatsa daga tsakiya zuwa baki, a manna wata takardar a bayan kwalin don jan ya zo daidai, sannan a sa shi tsakanin tsofaffin jaridu a danne da littattafai ko turmi ya kwana. Da hunturu kafin la'asar ya bushe. A watan Agusta kuwa, da ruwan Jos ɗin nan da ba ya ɗaukewa, sitaci yakan yi kwana uku da danshi har ya fara fumfuna, don haka a lokacin nakan zuba ɗan gishiri a cikinsa, na kuma dama wanda za a ƙarar a ranar kawai. A ajiye aikin nesa da ƙasa, kyankyasai da gara suna son sitaci.